Tekun da ke ƙarƙashin Malbaza: me ya hana mu nuna wa yaranmu?

Duk wanda ya saba bin babbar hanya daga Birnin Ƙonni zuwa Madawa ya san Malbaza. Tun daga nesa ake hango kamfanin siminti, ga farar ƙura a kan itatuwa, ga manyan motoci jere a bakin kwalta suna jiran lodi. Tun cikin shekarun 1960 ake fasa dutse a wannan wuri ana toya shi, kuma gidaje da azuzuwa da yawa na ƙasar nan da shi aka gina su. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, dutsen nan da ake fasawa ƙasan teku ne. Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, ruwan gishiri ne ya shafe yankin da muke kira Adar a yau, kuma halittun da suka rayu a cikinsa suna nan daskare cikin dutse, a inda yara ke kiwon awaki.

Magana ɗaya nake son yi da malamai da iyaye. Yaron Malbaza, da na Keita, da na Buza, ya cancanci ya san wannan labari a makarantarsu, da dutsen garinsu a hannunsa, kafin a kai shi ga hotunan duwatsun wata ƙasa a cikin littafi. Yin hakan ba ya jiran kasafin gwamnati. Kanta ɗaya a ƙuryar aji da malami mai himma sun isa a fara.

Bari mu soma da yadda teku ya zama dutse, don shi ne abin da yaro zai fara tambaya. A wancan zamani wani teku marar zurfi, mai ɗumi, ya ratsa inda Sahara take yanzu, ya bi ta Mali ya shigo Nijar da arewacin Najeriya. Ya kan cika ya ja baya, ya sake dawowa, tsawon miliyoyin shekaru. A cikinsa akwai katantanwa iri-iri, da dangin makankari, da ƙananan halittu masu ɓawo waɗanda ido ba ya gani. Idan sun mutu ɓawonsu ya kwanta a ƙasa, wani ya hau kan wani, nauyi ya danne su, har suka haɗe suka zama farin dutsen da masana ke kira kalker. Shi ne ake haɗawa da yumɓu a toya a zafin da ya kai digiri 1450, sannan a niƙa da ɗan jips, wannan farin ma'adini mai ƙyalli da mutanen ƙauyukan Adar ke tonowa da hannu suna sayarwa, sai ya zama siminti. Ashe buhun simintin da ke ƙofar gidanka ɓawon halittun teku ne aka niƙa. Allin da malam ke rubutu da shi a allo ma daga dangin waɗannan duwatsu yake.

Ba duka ɓawon ne ya rududduge ba. Wanda ya duba da kyau a gefen tsaunukan Adar, musamman bayan ruwan sama ya wanke ƙasa, yakan tsinci katantanwa ta dutse da murɗinta cif, da makankari mai baki biyu a rufe. Yakan kuma tsinci wani dunƙulallen abu kamar ƙaramin masa, da zanen tauraro mai reshe biyar a bayansa. Wannan bushiyar teku ce, ƙayoyinta sun zube, jikinta ya zama dutse. Yaran karkara sun daɗe da sanin waɗannan abubuwa, suna jifa da su, suna wasa da su. Abin da ya rage shi ne wanda zai ce musu: wannan da ke hannunka ya taɓa rai, kuma a cikin ruwa ya rayu.

Tekun nan bai san iyaka ba. Shimfiɗar dutsen da ake fasawa a Malbaza ita ce ta ci gaba har Kalambaina kusa da Sakkwato, inda su ma suke yin siminti. A ƙarƙashinta akwai wasu shimfiɗu da suka girme ta, kuma a cikinsu ne aka samo ƙasusuwan wasu manyan dabbobin ruwa masu kama da ƙadangare. Ɗaya an raɗa masa suna Goronyosaurus don tunawa da Goronyo ta jihar Sakkwato, wani kuma Igdamanosaurus, daga sunan tsaunin Igdaman da ke arewacin Tawa. Sunayen garuruwanmu da tsaunukanmu suna cikin littattafan kimiyya na duniya, amma ɗan CM2 da ke zaune kusa da wurin bai taɓa jin labari ba.

Haƙar ma'adinai da gano burbushin halittun dā tare suke tafiya, kuma tarihin ƙasarmu shaida ne. Masu neman yuraniyom ne suka ci karo da tarin ƙasusuwa a Gadufawa, cikin hamada kudu maso gabashin Agadas. Labarinsu ne ya kawo masanin Faransa Philippe Taquet wurin a tsakiyar shekarun 1960. Daga nan aka fito da katafaren kadan nan Sarcosuchus, wanda aka raɗa wa suna a 1966, mai tsawon da ya haura mita 9, kansa kaɗai ya fi mita ɗaya da rabi. A 1976 Taquet ya bayyana wa duniya dinozor mai suna Ouranosaurus nigeriensis. A 1999 ayarin Paul Sereno na jami'ar Shikago ya raɗa wa wani suna Nigersaurus, dabba mai cin ganye, mai faffaɗan baki da haƙora fiye da 500, wadda ta rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce. A shekarar dai aka bayyana Jobaria daga yankin Ingal, sunan kuwa daga Jobar ne, wata halitta da Abzinawa makiyaya ke dangantawa da waɗannan ƙasusuwa. Makiyayan ne ma ke nuna wa masu bincike wuraren, don su suka san daji.

Yara a Turai da Amurka suna haddace waɗannan sunaye. Akwai ƙwarangwal ɗin Ouranosaurus na Nijar a gidan tarihin birnin Benis na Italiya. Namu yaran fa? Gidan tarihi na ƙasa na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe tun 1959, yana da ƙasusuwan dinozor da na wancan kada, kuma duk wanda ya samu hali ya kai iyalinsa. Sai dai daga Malbaza zuwa Yamai ya fi kilomita 400. Yara nawa ne a aji mai ɗalibai cunkus za su taɓa yin wannan tafiya? Wanda bai iya zuwa Yamai ba, yana iya zuwa bayan gari.

Akwai wani ƙaramin garin haƙar kwal a Beljiyom da ake kira Bernissart. A 1878 leburori na aiki a zurfin mita 322 sai suka ci karo da ƙasusuwa. Da aka bi a hankali, aka fito da ƙwarangwal kusan 30 na dinozor ɗin da ake kira Iguanodon, ɗan'uwan Ouranosaurus ɗinmu. An daɗe da rufe ramin kwal ɗin, amma har yau ana zuwa kallon ƙasusuwan a Burusal, garin kuma yana da ɗan gidan tarihinsa. Da leburorin nan sun watsar da abin da suka gani a cikin tarkace, da babu wanda ya san sunan garin yau. Ido da aka koya wa lura shi ne ya yi aikin, kuma a makaranta ake koyar da shi.

Wannan ya kawo mu ga rabi na biyu na maganar, wato tarihin mutanen garin kansu. Garin ma'adinai yana da wata lalura: ma'adini na ƙarewa. Mun gani da idonmu a Arlit, inda aka rufe mahaƙar Akuta ta kamfanin COMINAK a watan Maris na 2021 bayan fiye da shekara 40 tana aiki. Kafin ita akwai Takadda, wadda masana ke dangantawa da kangon Azelik. Ibn Battuta ya sauka can a 1353, ya ba da labarin yadda ake tono jan ƙarfe ana narka shi, ana yin sanduna da ake ciniki da su, ana kai su har Gobir da Barno. Yau sai kango da tarkacen tukwane. Da baƙo bai rubuta ba, da kaɗan ne za mu sani. Su waɗanda suka yi aikin ba su bar mana muryarsu ba.

Malbaza tana da dama da Takadda ba ta samu ba. Har yanzu akwai tsofaffi da suka ga wurin kafin kamfani, suka ga zuwan injuna na farko, suka san waɗanda suka zo ci-rani daga Gobir da Arewa da Damagaram suka zauna har suka yi jikoki. Sun san asalin sunan kowace unguwa, sun san rijiyar da aka fara sha, sun san gonakin da suka koma ramin dutse da yadda aka yi da masu su. Kowace shekara ana rage su. Haka kuma kafin siminti akwai tama. Maƙeran Adar sun shahara da narka ƙarfe daga dutsen ƙasarsu, har wata mai bincike, Nicole Echard, ta ɗauki aikinsu a fim a shekarun 1960, lokacin da sana'ar ke gab da ɓacewa. A dazuzzukan Adar ana tarar da tsibin kashin maƙera, baƙi mai nauyi, inda aka taɓa hura wuta. Farfesa Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, kuma cikin abin da ya dogara da shi har da bakin tsofaffi. Abin da ya yi a matakin jami'a, ɗan kwaleji na iya yin ƙaraminsa a unguwarsu.

To, me ake nema malami ya yi? Abu ne mai sauƙi. Ya ware kanta ɗaya ko kwali ɗaya a aji. Duk yaron da ya tsinci dutse mai siffar halitta a hanyar gona ko wurin kiwo ya kawo. A ba dutsen lamba, a rubuta a kaye na musamman inda aka same shi, da ranar, da sunan wanda ya kawo. Wannan rubutun ya fi dutsen muhimmanci, don dutsen da ba a san inda ya fito ba ya rasa rabin labarinsa. Yara su zana shi, su auna tsawo da faɗi, su jera masu kama da juna wuri ɗaya. A kankare ɗan garin farin dutse a ɗiga masa ruwan lemun tsami, su ga yana kumfa, a ɗiga a kan tsakuwar fako su ga ba ta yi ba. Daga nan sun koyi yadda masana ke gane kalker, kuma sun yi gwajin kimiyya na gaske da kuɗin da bai kai na ƙosai ba.

A gayyato mai haƙar rijiya ya shigo aji. Shi ya san abin da ke ƙarƙashin gari gaba da gaba: inda rairayi ya ƙare, inda jan dutse ya fara, inda yumɓu yake, inda ake cin ma fari, inda ruwa ke ɓullowa. Yara su zana abin da ya faɗa a allo daga sama zuwa ƙasa, sai malam ya ɗora musu ƙa'ida guda: na ƙasa ya riga na sama kwanciya. Wannan ita ce ƙofar ilimin ƙasa gaba ɗaya, kuma daga bakin mutumin da watakila bai taɓa zama a benci ba za ta fito. Yaro zai koma gida yana kallon sana'ar ubansa da wani ido.

A ɓangaren tarihi kuma, kowane ɗalibi ya je wurin kakansa ko wani dattijo a unguwa da tambayoyi biyar da aka tsara a aji. Wanda gidansu ke da salula ya ɗauki murya da izinin mai magana, wanda ba shi da ita ya rubuta. A rubuta da Hausa yadda aka faɗa, sannan a juya zuwa Faransanci a darasin harshe. Kada a manta da tsofaffin mata, don su ne suka san tsadar ruwa da itace, da shekarun yunwa, da yadda kasuwa ta canja. Bayan shekara uku makarantar za ta mallaki abin da babu shi a kowane ɗakin karatu na Yamai.

Na san abin da malamai za su ce: manhaja ta cika, aji ya cika, alli ma wani lokaci sai an yi karo-karo. Gaskiya ne, kuma ba ƙarin darasi nake nema ba. Duwatsu da burbushin halittu suna cikin darasin SVT na kwaleji da lise, nazarin muhalli yana cikin na firamare, aune-aune na cikin lissafi, rubuta labari na cikin darasin harshe. Abin da ya canja shi ne kayan aikin. Malamin da ke fama ya bayyana wa yara yadda dutse ke kwanciya shimfiɗa-shimfiɗa da zane a allo, alhali ga gefen kwazazzabo a bayan makaranta yana nuna abin a fili, yana wahalar da kansa ne. Gani ya kori ji.

Wasu iyaye kuma za su ji nauyin maganar miliyoyin shekaru, su ce ina aka samo wannan, kada a rikita wa yara imani. Tambaya ce da ta cancanci amsa cikin mutunci. Lura da halitta ba baƙon abu ba ne a wurin malaman Musulunci. Tun ƙarni na 11 Albiruni ya rubuta cewa hamadar Larabawa ta taɓa zama teku, hujjarsa kuwa ita ce ɓawon halittun ruwa da ake samu idan ana haƙar rijiya. Ibn Sina, wanda suka yi zamani ɗaya, ya yi bayanin yadda dabba ko tsiro ke rikiɗa ya zama dutse. Shekarun da masana ke faɗa kuma ba kintace ba ne kawai: akwai sinadarai a cikin wasu duwatsu, yuraniyom na cikinsu, da ke sauyawa a hankali bisa ƙa'ida sananniya, da su ake ƙidaya. Uba yana da ikon tambaya, malami kuma ya amsa da abin da ya sani, ya tsaya inda saninsa ya tsaya. Kada ya ce wa yara akwai dinozor a dutsen Malbaza don ya burge su, domin dinozor sun ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce, kafin wannan dutse ya kwanta.

Damuwa ta uku ita ce haɗari, kuma a nan ina tare da iyaye ɗari bisa ɗari. Wurin fasa dutse ba filin wasa ba ne. Ana tayar da nakiya, manyan motoci na kai da kawowa, ramukan da ake tono da hannu suna ruftawa, da damina kuma sukan cika da ruwa. Kada wani yaro ya shiga rami da sunan aikin makaranta. Dokar ita ce a tsinta a sarari, a wurin da malami ya riga ya je ya duba, tare da manya daga cikin iyaye. Idan ana son ganin mahaƙa, daraktan makaranta ya nemi izini a rubuce, a je ranar da aka tsayar, a tsaya inda aka ce a tsaya.

Ta huɗu ita ce wadda ta fi ba ni tsoro: kada mu koya wa yara cewa abin tarihi haja ce. Muna da darasi mai ɗaci a Bura, yammacin ƙasar nan. An gano wurin a 1975, Boubé Gado na cibiyar binciken IRSH ya yi aikin tono a 1983, aka fito da mutum-mutumin yumɓu masu ban mamaki. Da sunansu ya fita duniya, sai masu saye suka yi ca, aka bi maƙabartu da dama aka tone, kayan suka tsallaka teku, har hukumar gidajen tarihi ta duniya ICOM ta sanya su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari. Wanda ya tona ya samu na cefanen kwana kaɗan, ƙasa ta yi asarar abin da ba ya dawowa. Nijar na da dokar kare kayan tarihi tun 1997. Don haka a bambanta wa yara tun farko. Katantanwar dutse da ruwa ya wanko, wadda ke da dubban ƴan'uwa a warwatse, ana iya ɗauka a kai aji. Amma ƙashi babba, ko tukunya a binne, ko kabari, ko wurin narka ƙarfe, ba a taɓawa, ba a tonawa. A ɗauki hoto, a gaya wa mai gari da magajin gari, su sanar da hukumar al'adu ta jiha. Tono aikin masana ne, don yadda abu yake kwance a ƙasa shi ne ke ba da labarinsa.

Wani zai ce, to duk wannan me zai sa a tukunya? Ƙasarmu na rayuwa da abin da ke ƙarƙashinta: yuraniyom a Arlit, kwal a Cirozerin, man fetur a Agadem, zinariya a Liptako da Jado, dutsen siminti a Adar, uwa uba ruwan da muke sha. Duk wanda ke nemo waɗannan da ilimin shimfiɗun dutse yake nemo su, kuma burbushin halittu na cikin abin da ke gaya masa shekarun shimfiɗar da ya tarar. Muna da makarantar EMIG a Yamai da EMAIR a Agadas, muna da jami'o'i a jihohi. Muna yawan kukan cewa baƙi ne suka fi mu sanin arzikin ƙasarmu. Masanin da zai zauna a teburin ciniki ya kare haƙƙin Nijar gobe, yau yana aji huɗu, kuma sha'awarsa na iya farawa daga bushiyar teku da ya tsinta a hanyar gona. Wanda bai zama injiniya ba ma ya ƙaru da iya lura, da iya tambaya, da iya rubuta abin da ya gani.

Saura kira ga masu hali. Kamfanonin da ke aiki a waɗannan garuruwa suna iya ware kyawawan samfura da ma'aikata ke cin karo da su, su miƙa wa makarantu, su bar masanin dutsensu ya ba ɗalibai awa ɗaya a shekara. Ma'aikatar magajin gari na iya ba da ɗaki guda inda za a tara mafi kyawun abin da makarantu suka samu, tare da hotunan farkon gari da muryoyin tsofaffi. Kwamitin COGES da ƙungiyar iyaye mata su sa maganar cikin shirin shekara, su sayi kaye da kwali, su fitar da waɗanda za su raka yara. Malaman jami'ar Tawa da ta Maraɗi kuma su karɓi hotunan da malaman karkara za su aiko musu ta WhatsApp, su faɗa musu sunan abin da suka samu.

Ku kuma iyaye, naku ya fi na kowa sauƙi. Ranar da yaro ya shigo gida da dutse a aljihu, kada a ce ya zubar da shara. A karɓa a duba, a tambaye shi inda ya samo, a ce gobe ya kai wa malam. Idan kuma ya zo da kaye yana tambayar yadda garin yake a dā, a shimfiɗa masa tabarma kusa da kaka, a bar su su yi hira.